TAGAR ODA DA MAGANAR RANGWAMEN HARAJI

Jawabin da mai magana da yawun kwamitin 'yan kasuwar kayan gini ya gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen wata a Jimeta. An buga shi kamar yadda aka gabatar saboda 'yan uwan da ba su sami halarta ba.



Mai girma shugaba, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyaye mata, da sauran 'yan uwa baki ɗaya, barkanmu da yamma, barkanmu kuma da wannan zafi. Allah ya nuna mana damina lafiya.

A zaman da ya wuce ne shugaba ya ɗora wa kwamitinmu nauyin binciko wata magana da ta cika unguwanninmu, watau maganar tagar oda da ake cewa gwamnati tana mayar wa wanda ya saya wani ɓangare na kuɗinsa. Kun dai san mu, karatunmu na allo ne da na Islamiyya, sai kuma abin da kasuwa ta koya mana a shekara talatin da muka yi muna sayar da kwano da ƙusa da gilashi. Don haka muka zauna da 'ya'yanmu masu aikin akanta, suka karanta mana dokokin suka fassara, muka yi ta yi musu tambayoyi har muka gamsu. Abin da muka samo shi za mu faɗa muku, kuma muna roƙon a yi haƙuri da mu, don akwai lissafi a ciki.

YADDA ABIN YA FARO

Wasu samari ne biyu, ba 'yan garin nan ba, suka riƙa zagaya Luggere da Nassarawo da Doubeli da Jambutu, riƙe da takardu masu ƙyalli. Abin da suke cewa shi ne, a bari su auna tagogin gida, su yi odar sababbi masu gilashi biyu daidai da awon, ɗaki zai yi sanyi, kuɗin wuta ya ragu, sa'an nan gwamnati ta mayar wa mutum kashi 30 cikin 100 na abin da ya kashe, wai a ƙarƙashin sabuwar dokar haraji. Har hoton wani Bature suke nunawa a waya yana bayanin haka.

'Yan ƙungiyar nan uku sun ba da kafin alƙalami. Ba za mu kama suna ba. Amma ɗaya daga cikinsu baiwar Allah ce da mijinta ya rasu, ta kwashi adashenta gaba ɗaya ta ba su, domin ɗakin da take kwana da marayunta ba ya kwantuwa a bazara. Yau wata biyu ke nan ba taga, ba samari, waya kuma a kashe. Wannan ne ya sa ba mu ɗauki maganar da wasa ba.

GASKIYAR DA KE CIKIN MAGANARSU

To, jama'a, ƙarya ba ta tsayuwa sai ta jingina da gaskiya. Baturen nan da suke nunawa ba ƙarya ya yi ba, sai dai ba da mu yake ba. Da mutanen Amurka yake.

A can, a watan Agusta na 2022, Shugaba Biden ya sa hannu a wata doka wadda ta faɗaɗa rangwamen haraji ga wanda ya gyara gidansa don ya rage cin wuta. Daga farkon 2023, wanda ya canja tagoginsa yana iya cire kashi 30 cikin 100 na kuɗin tagogin daga harajin da ake binsa. Ga inda samarin nan suka samo kashi 30 ɗinsu. Abin da ba su faɗa ba shi ne sharuɗɗan.

Na farko, akwai iyaka. Ko tagar dala dubu goma mutum ya saya, rangwamen taga bai wuce dala 600 a shekara ba. Na biyu, kuɗin tagar kaɗai ake lissafawa, ladan mai sanyawa ba ya ciki. Na uku, dole gidan ya kasance na mutum ne, a ciki yake zaune, kuma tsohon gida ne ake gyarawa. Sabon gini ba ya ciki, gidan da aka ba 'yan haya ma ba ya ciki. Na huɗu, ba kuɗi ake danƙa wa mutum a hannu ba. Daga harajin da ake binsa ake ragewa, wanda kuma ba a binsa komai ba ya samun komai.

Sai na biyar, wanda ya shafi tambayar da aka fi yi mana, wai shin tagar oda ce ke jawo rangwamen? A'a. Ko a can ba ruwan hukuma da cewa tagar ta oda ce ko ta kan kanta ce. Abin da suke dubawa shi ne ko an gwada irin wannan taga an tabbatar da yawan zafin da take bari ya ratsa, har ta sami shaidar Energy Star a mataki mafi girma. Tagar oda mai wannan shaida ta shiga. Tagar oda marar shaida, ko da zinariya aka yi ta, ba ta shiga ba. Yin oda awo ne kurum, kamar yadda tela yake auna mutum. Awon tela kuwa ba ya mayar da yadi marar kyau shadda.

Bayan duk wannan, shirin ma an rufe shi. An so ya kai har 2032, amma a ranar 4 ga Yuli, 2025, Shugaba Trump ya sa hannu a wata dokar da ta tsayar da shi a ƙarshen Disambar 2025. Kun ga ke nan an zo Jimeta ana tallar abin da masu shi ma sun riga sun naɗe tabarmarsa.

ME DOKARMU TA CE?

Yanzu mu dawo gida. Sabuwar dokar haraji gaskiya ce. Shugaba Tinubu ya sa mata hannu a watan Yuni na 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. An karanta mana jerin abubuwan da aka yarda mutum ya cire kafin a yanka masa haraji. Akwai kuɗin fansho, da kuɗin asusun gidaje na ƙasa, da inshorar lafiya, da inshorar rai, da kuɗin ruwan bashin gina gidan da mutum zai zauna a ciki, sai kuma sassaucin kuɗin haya. Babu taga a ciki, ta oda ko wadda ba ta oda ba. Hasali ma wanda ya sayi taga a wurin kamfani shi zai biya harajin kayan saye na kashi 7.5 cikin 100, wanda yake haka tun 2020.

Amma kada mu tashi hannu rabbana, akwai abin da ya shafe mu. Naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kanta. Shi kuma mai zaman haya an yarda ya cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa ta shekara daga abin da za a lissafa masa, muddin abin cirewar bai wuce Naira 500,000 ba. A nan sai a lura da kyau. Misali mai biyan hayar Naira 500,000, kashi 20 ɗinsa Naira 100,000 ce. Ba wannan 100,000 za a ba shi ba. Za a cire ta ne daga kuɗin da ake yanka masa haraji a kai. In yana matakin da ake yankar kashi 15 cikin 100, abin da ya rage masa a aljihu Naira 15,000 ce. Ba yawa, amma halalinsa ce, kuma ba ta samuwa sai da rasit. Mu kuwa mun san halinmu, haya da baki muke yi, a tafa hannu a rabu. Masu gidajen haya da ke zaune a nan, don Allah ku riƙa rubuta wa mutane rasit.

Haka kuma ɗan kasuwa mai rubuta shige da ficen kuɗinsa, in ya gyara tagar shagonsa da ta lalace, yana iya sa kuɗin cikin ɗawainiyar kasuwanci lokacin da zai yi lissafi da hukumar tattara haraji ta jiha. Wannan ba kyauta ba ce daga gwamnati, ƙa'idar lissafin riba ce da aka daɗe da ita. Tagar ɗakin kwanan mutum kuwa ba ta shiga nan.

Akwai wata takarda kuma da ya kamata mu sani. A 2017 Ma'aikatar Wuta da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, zamanin Minista Fashola, ta fitar da ƙa'idojin gini mai rage cin wuta. Wannan takarda ba ta yi alkawarin ba kowa ko kwabo ba. Abin da ta ce shi ne, kada faɗin tagogi ya wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango, in kuwa ya wuce to a yi musu inuwa, sa'an nan a sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. Da aka karanta mana sai muka yi dariya, muka ce ai wannan ginin kakanninmu ne aka rubuta da Turanci.

LAIFINMU

'Yan uwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ɗakunanmu suna kwantuwa, da samarin nan ba su sami mai sauraronsu ba. Kuma a nan dole mu masu sayar da kayan gini mu karɓi namu laifin, mu da ke magana a gabanku har da mu.

Iyayenmu da suka baro Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja suka zo fatauci ƙasar Lamiɗo, sun tarar da zafin bakin Binuwai kamar yadda muka tarar. Ba su da fanka, ba su da janareta. Amma suka yi bango mai kauri da ƙasa, suka yi rufin azara ko na ciyawa, suka huda 'yar taga can sama, suka bar tsakar gida a buɗe da bishiya a ciki. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi. 'Yar tagar sama kuwa ita ke fitar da iska mai zafi, tun da iska mai zafi sama take tashi.

Mu da muka sami sarari sai muka rushe wannan. Muka yi bulo siriri, muka ɗora kwano, wani ko silin babu, muka malale tsakar gida da siminti, muka sare darbejiya wai tana zubar da ganye. Daga baya aka shigo da tagar alminiyom mai ja, mai baƙin gilashi, kowa ya ce ita ce ado. Mu muka sayar muku da ita, mun kuma ci ribarta.

A gidanmu ma mun yi. Shekarun baya muka cire tsohuwar taga a ɗakin mahaifiyarmu, muka sa mata babba mai baƙin gilashi, tana duban yamma, muna ganin mun kyauta mata. Ba a yi sati ba tsohuwa ta jawo tabarmarta tsakar gida. Da muka tambaye ta sai ta ce, "Ku da kuka sa murhun ku kwana a ciki." Da la'asar in ka taɓa gilashin nan sai ka janye hannu. Ba mu sami lafiya da ita ba sai da muka kafa rumfar zana a bayan tagar, muka kuma huda wata ƙarama a bangon da ke fuskantarta.

ABIN DA KE RAGE ZAFI DA GASKE

Wannan ne ya koya mana cewa ba tsadar taga ke sanyaya ɗaki ba. Ga abin da muka gani da idonmu, masu ilmin gini kuma suka tabbatar mana.

Na ɗaya, inda taga take duba. A nan Yola da tsakar rana, rana kusan a tsakiyar kai take, don haka kwano take duka. Amma da hantsi tana shigowa ta gabas, da la'asar kuma ta yamma, kai tsaye cikin ɗaki. Ta yamma ta fi muni, domin lokacin gari ya riga ya ɗauki zafi. Tagar kudu da ta arewa kuwa ɗan baki kaɗan a samanta ya isa ya tare rana. Saboda haka mai sabon gini ya sa manyan tagoginsa kudu da arewa, ya ƙanƙanta ta yamma. Wannan ba ya cin ko sisi, magana ce kurum tsakaninka da magini kafin a ɗora bulo.

Na biyu, inuwa daga waje. Labule a ciki yana tare haske, amma zafin ya riga ya ratso gilashi. Rumfa ko baranda ko bishiya a waje su ke hana shi isowa tun farko. Baƙin gilashi kuwa yana rage haske, amma shi kansa yana shan zafi ya riƙa huro wani ɓangarensa cikin ɗaki.

Na uku, yadda taga take buɗewa. Tagar nan mai ja, komai girmanta, rabinta kaɗai ke buɗewa, ɗaya rabin gilashi ne a tsaye. Mai buɗewa kamar ƙofa tana ba da faɗinta duka. Tsohuwar nan mai yanka-yankan gilashi da muka raina ita ma kusan duka take bayarwa, aibinta dai ƙurar hunturu. Kuma taga ɗaya ba ta isa ɗaki ba. Iska baƙuwa ce, in ba ta ga ƙofar fita ba, ba ta shigowa. A kuma tuna ragar sauro tana rage iska, musamman in ƙura ta toshe ta, don haka a riƙa wanke ta. Cire ta kam ba shawara ba ce, mu da ke kusa da kogi.

Na huɗu, lokacin buɗewa. A Maris da Afrilu, da zafi kan wuce digiri 40, iskar rana ta fi ta cikin ɗaki zafi. A rufe tagogi tun da hantsi, a buɗe su bayan magariba su kwana a buɗe. Da damina kuwa, da gumi ya fi yawa, a bar iska ta yi ta ratsawa.

Na biyar, rufi. A gidan ƙasa marar bene, babbar ƙofar zafi kwano ce. Wanda ba shi da silin ya fara da shi kafin ya yi tunanin taga. A bar 'yan kafofi tsakanin silin da kwano don zafi ya fita, kuma kwano mai haske ya fi mai duhu, ko da mai duhun ya fi kyau a ido.

To, ita tagar mai gilashi biyu fa, ba ta da amfani ke nan? Tana da shi, amma ga mai shi. An yi ta ne don ɗakin da yake a rufe, iskar ciki ta bambanta da ta waje, kamar ƙasashen sanyi masu ɗumama ɗaki, ko ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana. Wanda yake kwana taga a buɗe da fanka, gilashi biyu da gilashi ɗaya duk ɗaya ne a wurinsa, tun da duka a buɗe suke.

Mai na'urar kuwa lalle lissafi ya kama shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 janareta ya zama sai wane da wane. A Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar masu layin farko Naira 225 kowane yunit, kodayake daga baya an ɗan rage. Ƙaramar na'ura tana iya cin kusan yunit ɗaya a awa guda, watau abincin fankar sama wajen goma. Mu ƙaddara yunit Naira 200, awa takwas kowane dare, Naira 1,600 ke nan, a wata Naira 48,000, ɗaki ɗaya tak. Duk abin da inuwa da silin suka rage a wannan kuɗi, shi ne rangwamen gaskiya. Ba ya buƙatar cika fom, ba ya buƙatar sanin wani a ofis, kuma kowane wata yake zuwa.

Kafin mu bar nan, malamanmu suna zaune, su gyara mana in mun yi kuskure. Mun karanta a fiƙihu cewa ba a yarda mutum ya huda tagar da za ta riƙa leƙa cikin gidan maƙwabcinsa ba. Gidajenmu a Limawa da Gwadabawa da Rumde a manne suke da juna. Don haka mai neman iska ya ɗaga tagarsa sama da tsayin mutum, ya sami iskarsa, maƙwabci ya tsira da sirrin iyalinsa. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gida a garin nan, da kyakkyawar maƙwabtaka iyayenmu suka sami wurin zama, kada taga ta ɓata mana ita.

SHAWARWARIN KWAMITI

Mai girma shugaba, kwamiti yana kawo shawara huɗu.

Ta farko, duk wanda aka zo masa da maganar gwamnati za ta mayar da kuɗi, kada ya fitar da ko kwabo sai ya tuntuɓi sakataren ƙungiya, a je ofishin haraji a tambaya. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ta biyu, mai son tagar oda ya je wurin masu walda da masu haɗa alminiyom na garin nan, waɗanda muka san shagunansu muka san iyayensu. A rubuta awo da kaurin gilashi da ranar kawowa a takarda, kuma kada kafin alƙalami ya wuce kuɗin kayan aiki.

Ta uku, mu 'yan kwamiti mun ɗauki alkawarin duk ɗan ƙungiyar da zai yi gini ko gyara, ɗayanmu zai je ya duba masa inda tagogi za su fuskanta, kyauta, ko ba a wurinmu zai sayi kaya ba. Muna kuma roƙon kowane gida ya dasa bishiya ɗaya ta yamma da ɗakunansa da zarar ruwa ya sauka.

Ta huɗu, maganar 'yan uwanmu uku. An riga an kai rahoto wurin hukuma ta hannun mai unguwa, muna kuma bibiya. Amma marayu ba za su jira shari'a ba, zafin bana bai wuce ba. Mun je mun duba ɗakin baiwar Allahn nan. Ba taga take buƙata ba, silin ne babu, kuma bangon yamma a fili yake. Mu 'yan kwamiti mun ɗauki nauyin silin da ƙusa, wani ɗan uwa kafinta ya ce aikin nasa ne. Abin da ya rage kuɗin rumfa ne da ɗan abin da zai mayar mata da jarinta. Ma'aji yana bakin ƙofa da littafinsa, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa namu ne, a yafe mana. Allah ya ba mu zaman lafiya a Jimeta da Yola da jihar Adamawa baki ɗaya, ya jiƙan iyayenmu, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.